Turmin Jatau

Akwai turmin dutse a bayan rumbunmu a Gwana,
Bakinsa ya cinye gefe guda kamar haƙorin tsohuwa.
Ko damina ta wanke shi sau arba'in,
Shafa yatsa a cikinsa, zai fito da ƙyalli.

Na kakana ne, Jatau, wanda tarinsa ke riga shi sallama.
Shi ke shiga rami da fitilar aci-bal-bal,
Ya fito da dutsen da nauyinsa ya fi girmansa,
Ya gasa, ya daka, ya niƙa, ya tankaɗe da tsumma,
Fatake su auna a kwalba su nufi Yola,
Idanun da bai taɓa gani ba su sha tozali.

Nasa idon kuwa ja ne kullum.
Ƙuraje a wuya, a hammata, duk inda gumi ke kwanciya,
Su taso da bazara, su lafa in sanyi ya shigo.
Aka ce ƙaiƙayin gero ne. Aka ce bakin mutane.
Wani mai magani daga Futuk ya ce mutanen ramin ne
Ke karɓar kuɗin hayarsu a jikinsa.
Ya yanka baƙin zakara, ya soke sule uku a aljihu.
Tari dai bai sauya hali.

Ya rasu ana cikin yankan dawa.
Masu wanka suka ce dasashinsa shuɗi, kamar an rina.
Kowa ya ce kwana ya ƙare,
Kuma gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya tambayi turmi
Ko da hannunsa a cikin ajali.

Babana, Barau, ya gaji taɓarya ya gaji tarin.
A zamaninsa duba-gari ya zo a kan keke,
Malam Ajuji, da littafi ɗaure a kariya.
Ya leƙa zauren daka, ya toshe hanci, ya ce:
"Ku huda taga. Ku yayyafa ruwa kafin ku niƙa.
Kada ku ɓare goro da wannan hannu."
Dariya ta raka shi har bakin rafi.
Jiƙaƙƙen gari ai ba ya tankaɗuwa,
Mai saye kuma ba ya biyan kuɗin hankali.

Sai da hannun Baba na dama ya saki,
Ya langaɓe kamar ganyen kabewa da tsakar rana,
Ya kasa riƙe buta, ya kasa ɗaure mazagi,
Sannan aka kai shi asibitin Bauchi a bayan a-kori-kura.
Likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga fitila:
Ɗigo-ɗigo fari, kamar an watsa gero a baƙin mayafi.
Ta ce, "Shekara nawa kana shaƙar sana'arka?"
Ranar ya san ciwonsa na da suna, na da dalili.

Ya dawo ya huda tagar da kansa, da hannun hagu.
Har yau a karkace take.
Malam Ajuji ya riga ya kwanta dama, babu wanda za a ba haƙuri.
Hasken da ya shigo ne ya nuna mana
Abin da muke haɗiya, yana rawa a fili.

Yanzu ƙanwata Tabawa ke ɗakin shan magani.
Ranar kasuwa takan bi ramuka da kwalin takunkumi,
Ta ɗibi jinin yara a 'yan kwalabe,
Ta yi ta fama da samari masu injin niƙa:
Su sa takunkumi in ta zo, su zame shi wuya in ta juya.
"Zafi, Anti, ba a numfashi."
Ta ce, "Ku zo gidanmu ku ji yadda Baba ke nasa."
Biyar sun zo. Biyu sun ji.
Sauran suna jiran wani misali.

Ni ban gaji taɓarya ba,
Ƙurar da nake shaƙa fara ce, ta alli.

Jiya na tarar da 'yata tana ba kaji ruwa a turmin.
Na zubar, na kira samari biyu mu kife shi.
Baba na kallo daga tabarma, bai hana ba.
Ya ja numfashi, ya tsaya, ya ƙara ja,
Ya ce, "Kar ku jefar. Shi ya ciyar da ku."
Muka sauke shi a hankali.